Mastas a injiniyancin tsarin makamashi: zurfi ake samu ko faɗi kawai?

Mai_Tukunyar_Tururi

Assalamu alaikum manyanmu da sa'o'ina. Na daɗe ina karanta muhawarorinku ban taɓa tofa komai ba, yau dai abin ya ci tura, na kawo kaina.

Makanikal na karanta a digirin farko. Shekara shida ke nan ina aiki a wata masana'anta, ni ne a kan ɗakin tukunyar tururi da janaretocin dizal guda biyu, kowanne kilowat 800. Shekara biyu da suka wuce kamfani ya shimfiɗa farantan sola na kilowat 500 a rufin sito. Wanda ya zana aikin ya zo da takarda mai launi-launi, ya nuna yawan man da za mu daina ƙonawa. Da aka kunna, ragin bai kai rabin abin da ya faɗa ba, shi kuwa ya riga ya yi gaba. Ni aka kira sama aka ce in yi bayani.

Wata uku na yi ina rubuta lodi a littafi, awa-awa, kafin na kama bakin zaren. Da tsakar rana, lokacin da sola ke kan ganiyarta, lokacin ne ake tsayar da layuka biyu ma'aikata su huta, sai lodin ya sauko wajen kilowat 450. Janareta kuwa ba ya son a sauke shi ƙasa da kusan kashi 30 cikin ɗari na ƙarfinsa, in aka matsa masa sai ya fara tara baƙin mai a salansa. To na'urar da ke daidaita su sai ta danne sola don janareta ya samu kilowat 240 ɗin da zai riƙe. Wato faranti na iya ba da 400, muna karɓar 210, sauran yana tafiya a banza. A gefe guda kuma hayaƙin janaretan yana fita da zafin da ya haura digiri 400, taku ashirin kacal daga tukunyar da muke ƙona mata wani man daban don ta ba mu tururi a matsin bar 10.

Tun daga nan hankalina ya koma kan karatu. Na nemi gurbi, kuma cikin ikon Allah wurare biyu sun amsa, duka da suna iri ɗaya, injiniyancin tsarin makamashi. Ɗaya a Ingila, shekara guda. Ɗayan a wata ƙasar Turai, shekara biyu, zangon ƙarshe gaba ɗaya na kundin bincike ne.

Abin da ya sanyaya mini jiki shi ne jerin kwasa-kwasan. Ga iska, ga sola, ga haidirojin, ga kasuwar lantarki, ga tattalin arziki, ga manufofin gwamnati, kowanne an ɗan tsakura. Wani babban injiniya a wurin aikinmu, wanda nake jin maganarsa, ya duba takardar ya ce mini, "Wanda ya gama wannan zai san sunan komai, ba zai san gindin komai ba." Maganar ta tsaya mini a rai. Shin haka ne? Me ake koyarwa a zahiri? Ni da rabona da lissafin lantarki tun aji biyu na jami'a, zan iya? Kuma tsakanin shekara guda da shekara biyu wanne ya fi? Ina da iyali, shekara guda ba ƙaramin abu ba ce a wurina. Waɗanda suka bi hanyar nan su taimaka mini da gaskiya ko da ɗaci.

Dattijon_Lab

Wa alaikumus salam, Injiniya. Bari in fara da abin da ba ka tambaya ba. Littafin nan da ka yi wata uku kana cikawa, kada ka bari ya ɓata. Kai ba ka sani ba, ka riga ka shiga fannin ta ƙofar baya.

Zo mu ɗora a kan labarinka. A ce ka shawo kan shugabanninku an sa tukunyar kama zafi a bakin salansa. Janaretan dizal mai kyau yana mayar da kashi 35 zuwa 40 na makamashin mansa wuta, sauran yana fita a hayaƙi da ruwan sanyaya inji. In ka kama wannan zafin, amfanin man zai iya kaiwa kashi 80. Madalla. To amma da rana sola ta taso, janareta ya sauka, hayaƙi ya ragu, tururin kyauta ya ragu, tsohuwar tukunya ta ƙara shan mai. Sai wani ya ce a sayo batir a kashe janareta ɗungurungum da tsakar rana. Yanzu ka tsira da dizal ɗin inji, ka rasa tururin kyautar gaba ɗaya a waɗannan awannin. Wanne ya fi? Batir mai girman nawa? Da ƙarfe nawa za a kashe, da ƙarfe nawa za a tayar? Gwanin tukunya shi kaɗai ba zai amsa ba, gwanin inbata, na'urar da ke mayar da wutar sola irin ta layi, shi kaɗai ba zai amsa ba, akanta ma haka. Amsar tana zaune a mahaɗarsu, kuma tana canzawa daga awa zuwa awa. Wannan mahaɗar ita ce abin da kalmar "tsari" take nufi a sunan digirin. Ka ɗauke masana'antarku ka sa ƙasa guda a madadinta, tambayar ba ta canza ba, lambobin ne kawai suka yi girma.

Fannin ya samu gindin zama ne bayan rikicin mai na 1973, lokacin da gwamnatoci suka farga cewa ba su da hanyar lissafa yadda mai da gawayi da gas da lantarki ke maye gurbin juna. A 1974 aka kafa Hukumar Makamashi ta Duniya, kuma a ƙarƙashinta aka gina manhajar lissafi ta MARKAL, wadda daga baya ta haifi TIMES da ake amfani da ita har yau. Na kawo wannan ne don ka san ba sabon yayi ba ne da aka ƙirƙira don sayar da digiri, ko da yake akwai masu sayar da digiri da sunan.

Kwas na gaskiya a kan duwatsu uku yake girki. Na farko ilimin zafi da aiki, wanda ka riga ka sani, sai dai za a tura ka cikin doka ta biyu sosai: ba yawan makamashi kaɗai ba, darajarsa. Ruwa mai digiri 90 da hayaƙi mai digiri 450 suna iya ɗaukar makamashi daidai da juna, amma ɗaya ne kawai zai ba ka tururi. Na biyu tsarin lantarki: yadda wuta ke rarraba kanta a layuka, boltej, firikwensi (sau nawa wutar ke kaiwa da komowa a daƙiƙa), abin da ke faruwa in layi guda ya faɗi. Na uku shi ne lissafin zaɓen mafi dacewa, tare da tattalin arziki. Za ka rubuta abin da kake son ragewa, a ce kuɗin mai, ka rubuta sharuɗɗan da ba a ƙetarewa, kamar kashi 30 ɗin janaretanka, ka bar kwamfuta ta nemo amsa. Asalin hanyar George Dantzig ne ya fitar da ita a 1947, kuma da 'ya'yanta ake yanke shawarar wace tasha za a kunna gobe da safe a manyan kasuwannin lantarki. Iska da sola da haidirojin da ka gani a jerin, misalai ne da ake ɗorawa a kan waɗannan duwatsu. In babu duwatsun, tukunyar a ƙasa take.

Saboda haka abokin aikinka ya yi gaskiya rabi. Akwai kwasa-kwasan da yawon buɗe ido ne: mako biyu a kan iska, mako biyu a kan nukiliya, a rubuta maƙala a wuce. Za ka fito ka san cewa farfelar iska ba ta iya kama fiye da kashi 59.3 na ƙarfin iskar da ta ratsa ta, amma ba za ka iya cewa a kafa guda nawa ba. Gane su ba wuya. Ka bar sunan digirin da hotunan shafin farko, ka buɗe bayanin kowane kwas na dole. Ka ƙirga nawa ne ke cewa sai wanda ya yi kwas kaza zai shiga. Ka ƙirga nawa ne jarrabawarsu lissafi ce ko aikin kwamfuta. Sannan ka nemo kundayen ɗaliban shekara biyu ko uku da suka wuce, yawancin jami'o'in Turai suna sa su a intanet, ka karanta guda biyar. In ka ga abin da za ka so a ce kai ka rubuta, to gidan na kirki ne.

Batun shekara guda ko biyu. A Birtaniya wata goma sha biyu ne cur, zango biyu na aji sai aikin bincike a watannin bazara, wata uku zuwa huɗu. A yawancin ƙasashen da ke bin tsarin Bologna, wato tsarin digiri na bai ɗaya na Turai, maki 120 ne a shekara biyu, 30 daga ciki na kundi, wato kusan wata shida kana kan matsala guda. Mutumin da ya zo daga lantarki yana son ƙara tattalin arziki, shekara guda ta ishe shi. Kai da za ka koyi lantarki da rubutun manhaja lokaci guda, bayan shekara shida rabonka da aji, ina jiye maka gudun shekara guda. Kafin ka gama wartsakewa an fara jarrabawa. Ban ce ba ya yiwuwa ba, na ga waɗanda suka yi, amma yawancinsu kwasa-kwasai masu sauƙi suka tsinta don su tsira, sai suka fito da irin digirin da abokin aikinka ke faɗa.

Bakin_Waya

Da izinin Malam, ni zan ɗan saɓa.

Shekara goma sha ɗaya ina aikin kariyar layuka da saita rile, na'urar da ke sa a yanke layi in an samu matsala, kuma na sha zama a teburin ɗaukar ma'aikata. Ba mu taɓa tallata gurbin "masanin tsari" ba. Muna neman wanda zai yi nazarin abin da ke faruwa in wayoyin wuta suka haɗu, wanda zai buɗe manhajar PowerFactory ko ETAP ko PSS/E ya gina layi ya faɗa mana ko transfoma za ta ɗauka. Yaro ya zo da mastas ɗin makamashi, bakinsa cike da sauyin yanayi, ka miƙa masa zanen tasha mai layi ɗaya ya riƙe shi a juye. Wallahi na gani da idona.

Ɗan'uwa, in lantarki ne ya ja hankalinka, je ka yi mastas ɗin tsarin lantarki zalla. Nan ne wahalar take yanzu, nan ne kuma ake ƙarancin mutane. Janaretanka mai juyi 1,500 a minti yana da nauyin ƙarfe da ke juyawa, in lodi ya faɗo masa kwatsam wannan nauyin ne ke riƙe firikwensi na 'yan daƙiƙu kafin gwamna, na'urar daidaita gudun inji, ta ƙara mai. Inbata ba ta da wannan sai an koya mata. Duk ƙasar da ke cika layinta da sola da iska da wannan take kokawa. Ka duba Kudancin Ostireliya ranar 28 ga Satumba 2016: guguwa ta kayar da turakun manyan layuka, boltej ya yi ta faɗuwa yana tashi, saitin kariya na gonakin iska da dama ya sa suka janye, layin da ke haɗa jihar da maƙwabciyarta Biktoriya ya yi nauyi ya yanke, jiha guda ta shiga duhu. Saiti ne fa, lamba ce a cikin akwati. Bayan shekara guda aka kafa batirin Hornsdale mai megawat 100, kuma sunan da ya yi a kan saurin tallafa wa firikwensi ya yi shi. Ko Sifaniya da Fotugal ranar 28 ga Afrilu 2025, da rana tsaka, rahoton gwamnatin Sifaniya a kan hauhawar boltej da aka kasa shawo kansa ya tsaya. Waɗannan ba a warware su da maƙala.

Ban ce kwas ɗin tsarin makamashi banza ba ne. Masu ba da shawara, da hukumomin tsare-tsare, da bankunan da ke ba da rancen ayyuka, suna ɗaukar irinsu. Amma ka san inda za ka kafin ka hau mota. In ka nace sai shi, to duk kwas ɗin zaɓi da aka ba ka, zuba shi a rami guda. Taura biyu ba ta taunuwa, balle bakwai.

'Yar_8760

Sannu Yaya Mai Tukunya. Bara na gama irin na shekara biyun, kuma ni ma ba daga lantarki na fito ba, kemikal na karanta, don haka na san tsoron da kake ji.

Injiniya Bakin Waya ya kawo misalansa, bari in kawo nawa. Jihar Texas a Amurka, Fabrairun 2021. Sanyi ya daskarar da rijiyoyin gas da na'urorin tashoshi, tashoshi suka rasa gas suka tsaya, aka yanke wa unguwanni wuta don a ceci layin, cikin waɗanda aka yanke wa har da wuraren da ke tura gas ɗin. Wuta na jiran gas, gas na jiran wuta. Firikwensinsu, wanda ya kamata ya zauna a 60, ya yi sama da minti huɗu a ƙasa da 59.4, kuma da ya kai minti tara da abin ya rushe gaba ɗaya. Masu rile sun yi aikinsu daidai. Abin da ya faɗi shi ne mahaɗar gas da lantarki da dumama gidaje, wurin da ba ofishin kowa ba ne. Kuma kada a manta, lantarki kusan kashi ɗaya cikin biyar ne kawai na makamashin da duniya ke amfani da shi a ƙarshe. Zafi, na masana'antu da na gidaje, shi ne kusan rabi. Mutumin tukunyar tururi ba baƙo ba ne a fannin nan, yawancin 'yan ajinmu ma abin da suka rasa ke nan.

To ga yadda abin yake daga ciki. Zangon farko na sha wuya, ba zan ɓoye maka ba. Ba lissafin ne ya kayar da ni ba, Python ne, yaren rubutun manhaja. Mako na uku aka ba mu bayanan lodi da hasken rana na shekara guda, awa 8,760, aka ce mu fitar da girman batir. Ni da na saba da Excel na kwana uku ina neman inda na manta waƙafi. Waɗanda suka zo da ɗan abin hannu a rubutun manhaja suna tunanin makamashi, mu muna tunanin me ya sa abin ya ƙi tashi. In ka yanke shawarar tafiya, daga yau ka fara, awa guda kullum, ka haɗa da aljabarar matiriks da lambobin da ake lissafin wutar AC, wato wutar layi mai kaiwa da komowa, da su. Ba a fafe gora ranar tafiya. Manhajoji irin su PyPSA da OSeMOSYS kyauta ne, haka EnergyPLAN na Jami'ar Aalborg da SAM da ɗakin binciken NREL a Amurka ya ƙirƙira. Sauke ɗaya ka zuba masa lambobin littafinka. In ka ji daɗin wannan wahalar, fannin naka ne. In ka ji kamar ana zare maka rai, gara ka sani tun kana gida.

Darasin da ya fi girgiza ni kuwa ba na injiniyanci ba ne. Malamin ya ce mu ɗauki tashar sola guda, shekara 25, mu lissafa abin da za a riƙa biya duk shekara a kan jarin. In kuɗin ruwa kashi 5 ne, kusan kashi 7 na jarin ake biya a shekara. In kashi 15 ne, ya haura kashi 15. Faranti iri ɗaya, rana iri ɗaya, kuɗin kowane kilowat-awa ya ninka har da ɗoriya. Tashar gas ba ta jin wannan dukan sosai, don yawancin kuɗinta a mai yake, ba a ginin farko ba. A ranar na gane me ya sa ƙasar da ta fi hasken rana ba lallai ta fi arhar wutar sola ba. Shekara biyar na yi a digirin farko babu wanda ya nuna mini wannan.

Inda aka cuce mu shi ne ɗakin gwaji. Takardar tallar kwas ɗin cike take da hotunan ɗalibai sanye da hular kwano a gaban injuna. Sau biyu muka shiga wurin a shekara biyu, ɗaya ma leƙe ne ta gilashi. Na kuma yi kuskuren zaɓen mai duba kundi don sunansa, ashe yana da ɗalibai fiye da goma, ganinsa sai an yi wata. Mataimakinsa mai digirin digirgir ne ya riƙe ni, Allah Ya saka masa. Kafin ka amsa wa kowace jami'a, nemi ɗalibi guda da ke ciki yanzu a LinkedIn ka tambaye shi abu biyun nan. Za su faɗa maka, ɗalibi ba ya rufa wa makaranta asiri.

Ba ka ambaci wanda zai ɗauki nauyi ba. In tallafi kake nema, Chevening na Birtaniya na shekara guda ne, yana bukatar aƙalla shekara biyu na aiki, kuma da sharaɗin ka koma ƙasarka na shekara biyu bayan gamawa. DAAD, ofishin tallafin karatu na Jamus, yana da tsari na musamman ga masu ƙwarewar aiki daga ƙasashe masu tasowa, kuma kwas ɗin makamashi mai sabuntawa na Jami'ar Oldenburg, wanda ke gudana tun 1987, ya daɗe a cikinsa. Akwai Erasmus Mundus, inda ake karatu a ƙasa biyu ko fiye. Akwai kuma cibiyar ruwa da makamashi ta Jami'ar Tarayyar Afirka a Tilimsan ta Aljeriya. In kuma kana hangen digirin digirgir, ka sani a Denmak da Suwidin da Holan ɗalibin wannan mataki ma'aikaci ne mai albashi, kuma kundin wata shida mai nauyi shi ne abin da za ka nuna a ɗauke ka.

Mai_Tukunyar_Tururi

Allah Ya saka da alheri, Malam, da Injiniya, da ƙanwata. Jiya da dare na yi abin da Malam ya ce. Na shekara gudan yana da kwasa-kwasan dole guda shida, biyu kacal ke da jarrabawar lissafi, kuma tsarin lantarki na zaɓi ne. Na shekara biyun lissafin zaɓen mafi dacewa dole ne tun zangon farko, akwai kuma reshen zafin masana'antu a shekara ta biyu. Na karanta kundaye uku daga can, ɗaya a kan kama zafin wata masana'antar takarda ne, har ƙarfe ɗaya ban kwanta ba.

Injiniya Bakin Waya, maganarka ta shige ni, amma gaskiya ba rile ne ya hana ni barci ba, hayaƙin nan ne. Ramin da zan zuba kwasa-kwasan zaɓina ina jin na zafi ne. Sai dai zanen tasha ba zan riƙe shi a juye ba, in sha Allahu.

Saura tambaya guda, Malam. Ina da wata bakwai kafin tafiya, in an daidaita da maiɗakina da wurin aiki. Littafin nan nawa, lodin lantarki kaɗai na rubuta a ciki. Zai isa a gina kundi a kansa?

Dattijon_Lab

Ba zai isa ba, ƙanena, rabin hoton ne. Kana da ɓangaren wuta, ba ka da ɓangaren zafi, kuma wata ukun da ka rubuta yanayi guda ne na shekara.

Daga gobe ka ƙara shafi. Kowace awa ka rubuta yawan tururin da ake ja, in babu mita a layin tururi ka auna ruwan da ke shiga tukunya, ka cire wanda ake zubarwa a ƙasa. Ka rubuta man tukunya daban da man janareta, da zafin ruwan da ke shiga tukunya, da zafin hayaƙi a lodi daban-daban, musamman a wannan kilowat 240 na tsakar rana, don a nan hayaƙin ya fi sanyi kuma a nan lissafin zai yi tsami. Tururinka a bar 10 yana tafasa ne a wajen digiri 180, to duk zafin hayaƙin da ya sauko kusa da wannan ba zai ƙara ba ka tururi ba, sai dai ya dumama ruwa. Ruwan sanyaya inji kuwa, mai digiri 85 zuwa 90, tun farko aikinsa dumama ruwan shiga ne kawai. Kuma kada ka yi tsammanin za ka tatse hayaƙin dizal har ya huce, akwai farar wuta a cikin man, in ya yi sanyi da yawa asid zai zauna a bututu ya cinye shi. Inbatocin solarku suna ajiye bayanai da kansu, ka nemi a sauke maka na shekara biyun gaba ɗaya, kowane minti 15 in zai yiwu.

Abu guda kuma da ɗalibai ke mantawa sai sun isa can su yi ta waya: bayanan nan na kamfani ne, ba naka ba. Ka samu izini a rubuce tun kana ma'aikacinsu, da sa hannun wanda ya isa, a faɗi ƙarara cewa za ka yi amfani da su a kundi, ko da da sharaɗin ɓoye sunan masana'antar. Ka ce musu za ka ba su sakamakon. Su da suka kira ka sama suna tambayar ina man da aka ce za a rage, ba na jin za su ƙi.

In ka haɗa mako biyu na sabon shafin, ɗora shi a nan mu gani. Ina son in san ko lokacin da ake tsayar da layuka biyun tururi ma sauka yake yi, ko kuwa lantarki ne kaɗai.